Babi na Bakwai: Yaƙi a Cikin Ƙoƙon Kai

A samo ɓeraye biyu 'yan ciki ɗaya, a zuba wa kowannensu ƙwayar bairos iri guda a cikin kai. Na farko a bar shi da lafiyarsa. Na biyu kuwa tun kafin nan an gasa shi da hasken eksire mai ƙarfi har sojojin jikinsa sun kwanta, ba su da wani kataɓus. Duk wanda aka tambaya wanne zai mutu, na biyun zai nuna, don shi ne ba shi da mai kare shi. Amma na farkon ke mutuwa. Tsakanin kwana 6 zuwa 8 sai gashinsa ya mimmiƙe, ya takure a lungu, jijjiga ta kama shi, ƙafafunsa na baya su sandare, shi ke nan. Ɗan'uwansa kuma yana nan yana zirga-zirga yana gurgurar abinci, alhali kansa cike yake maƙil da bairos ɗin.

Wani likita ɗan Amurka, Wallace Rowe, shi ne ya ba da rahoton wannan abu a 1954. Bairos ɗin da ya yi aiki da shi ana taƙaita sunansa da LCMV. Ɓeran gida ne ke ɗauke da shi, kuma dangi ɗaya suke da wanda ke kawo zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa da ke jihar Borno ta yau. A 1972 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins, Gerald Cole da Neal Nathanson da abokan aikinsu, suka kammala hujjar. Suka danne garkuwar ɓerayen da wani maganin ciwon daji, ɓerayen suka rayu da bairos a kansu. Sai suka ɗebo ƙwayoyin garkuwa daga saifar wasu ɓerayen da suka riga suka san cutar, suka zuba musu. Cikin 'yan kwanaki suka mutu. Da aka tsame wani rukuni guda daga cikin abin da ake zubawar, wato ƙwayoyin T, sai mutuwar ta tsaya. Bairos ɗin shi kaɗai bai iya kisa ba. Abin da ya kashe ɓerayen shi ne amsar da jikinsu ya mayar masa.

Shekaru da yawa bayan haka, a 2009, Dorian McGavern da abokansa suka kankare ƙashin kan ɓera har ya zama shara-shara, suka leƙa da madubin bincike yayin da dabbar ke da rai. Abin da suka gani ya ƙara haske. Ƙwayoyin T ba su tsaya a kan aikinsu su kaɗai ba, gangami suka kira. Wasu fararen ƙwayoyin jini suka yi ɗango suka kwararo cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, suna ratsa jikin jijiyoyin jini har jijiyoyin suka fara yoyo. Ruwa ya taru inda babu masaukinsa, jijjiga ta biyo baya.

Wurin da ba a saba yaƙi ba

A sauran jiki, dabarar garkuwa game da bairos ba ta da wata kwana. Bairos ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halitta, don haka sai a nemo ƙwayar da ya shiga a kashe ta, a huta. Fata za ta sake toho, hanji yana sabunta shimfiɗarsa cikin 'yan kwanaki, hanta ma tana maye abin da ta rasa. Kumburin da ke biyo baya kuwa yana da wurin zuwa: yatsa ya kumbura ya yi zafi, ya saɓe.

Ƙwaƙwalwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan sauƙi biyu. Yawancin ƙwayoyin jijiyar da mutum zai mutu da su, da su aka haife shi, kuma wadda ta mutu ba ta da magaji. A jikinsu ne karatun da ya yi da fuskar mahaifiyarsa da hanyar gidansu suke ajiye. Sannan duk wannan yana cikin ƙoƙon ƙashi ne wanda ba ya buɗawa. Idan ƙwaƙwalwar babban mutum ta kumbura, ba ta da mafita sai ta danno ƙasa ta matse tushenta, inda numfashi da bugun zuciya suke samun umarni. Manomin da ɓera ya shiga rumbunsa ya san wuta za ta kashe ɓeran, ya kuma san abin da zai ci da damina yana cikin rumbun. Dole ya nemi wata dabara, ko da kuwa dabarar ba za ta kawar da ɓeran gaba ɗaya ba.

Dabara ta farko ita ce hana shiga. A 1885 Paul Ehrlich a Jamus ya lura cewa idan ya zuba rini a jinin dabba, kusan dukkan kayan cikinta suna rinuwa, ban da ƙwaƙwalwa. Almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin a 1913: ya zuba shuɗin rini a ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa, sai ƙwaƙwalwar ta rine, sauran jiki bai rine ba. Akwai shinge ke nan tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Sai a 1967 aka ga shingen ƙuru-ƙuru da madubi mai aiki da lantarki: ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa a manne suke da juna gam, babu kafar da abu zai silale.

An daɗe ana koyar da ɗalibai cewa saboda wannan shinge garkuwar jiki ba ta da ruwa da ƙwaƙwalwa. Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta Peter Medawar a Ingila, wanda a 1948 ya dasa fatar wani zomo a cikin ƙwaƙwalwar wani zomon, ta zauna lafiya ba a kore ta ba. Sai dai an riƙa mantawa da rabin gwajin nasa. Idan ya fara dasa irin wannan fata a jikin zomon ta waje har garkuwa ta san ta, to wadda ke cikin ƙwaƙwalwa ma ba ta tsira. Ma'ana, ba a cika ɗaura yaƙi daga cikin ƙwaƙwalwa ba, amma idan an ɗaura shi a waje, mayaƙan sun san hanyar shiga. Wannan rabin da aka manta shi ne ginshiƙin duk wani rigakafin cutar ƙwaƙwalwa. A 2015 kuma ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Jami'ar Bajiniya ta Amurka, ɗaya a Helsinki, suka nuna cewa a cikin tantanin ƙwaƙwalwa akwai magudanan da ke kai rahoto ga kaluluwar wuya.

Tsaron da ba ya zubar da jini

A cikin ƙwaƙwalwar kanta akwai masu gadi mazauna wurin, ana ce musu maikurogiliya, waɗanda masanin Sifen Pío del Río Hortega ya bayyana a 1919. Kullum cikin miƙa 'yan yatsunsu suke suna lalube. Amma makamin da ya fi kowanne muhimmanci a sa'o'in farko wani sinadari ne da ake kira intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957. Ƙwayar da ta ji bairos ya shige ta sai ta saki intaferon, maƙwabtanta su ji, su rufe injinan da bairos zai yi hayayyafa da su. Ba a kashe kowa ba, an dai hana baƙon ci gaba.

Ba mu san nauyin wannan sinadari sosai ba sai da aka ga waɗanda suka rasa shi. Akwai bairos da ake kira hafis, mai fito da 'yan ƙuraje a leɓe idan mutum ya yi zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum biyu cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi. Amma a cikin mutum miliyan ɗaya, biyu zuwa huɗu ne kacal a shekara yake hawa musu ƙwaƙwalwa. Me ya bambanta waɗannan da sauran? Jean-Laurent Casanova da abokan aikinsa a asibitin yara na Necker da ke Faris sun bi diddigin yaran da abin ya shafa, kuma a 2006 da 2007 suka samo amsar wasu daga cikinsu. An haife su da tawaya a ƙwayar gadon da ke sa ƙwayar jijiya ta ji shigowar bairos ta saki intaferon. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin waɗannan yara shi ne lafiyarsu ƙalau ta kowace fuska. Mura tana kama su ta sake su, ƙarambau ya zo ya wuce. A sauran jiki akwai hanyoyi da yawa da ke rufa wa juna asiri, idan ɗaya ta gaza wata ta tare. A ƙwaƙwalwa ne kaɗai wannan hanya guda ta zama ba ta da madadi.

Garkuwar kanta ma tana iya buɗe wannan ƙofa ta wata fuskar. Bairos ɗin Yammacin Nilu, wanda aka fara samu a Yuganda a 1937 kuma sauro ke yaɗa shi, yawancin waɗanda ya kama ba sa ma sanin sun kamu. Kusan mutum ɗaya cikin 150 ne yake taɓa wa ƙwaƙwalwa ko laka. Wani bincike na 2023 ya gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ya kumbura wa ƙwaƙwalwa suna da antibodi, wato makamin da garkuwa ke ƙerawa, a jininsu, wanda ke kame intaferon ɗinsu na kansu, tun kafin sauron ya cije su.

Idan hafis ya samu hawa, ɓarnar da yake yi ba kaɗan ba ce, kuma yana da wurin da ya fi so: sashen ƙwaƙwalwa da ke daidai saitin kunne, inda ake ɗaure sabon abin da mutum ya gani ko ya ji ya zama abin tunawa. Clive Wearing ƙwararren masanin kiɗa ne a Ingila, yana aiki da BBC, lokacin da cutar ta kama shi a watan Maris na 1985. Ya rayu, amma tun daga ranar ba ya iya riƙe sabon abu fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum cike yake da layi iri ɗaya: ya rubuta lokaci, ya ce yanzu ne ya farka, bayan 'yan mintoci ya soke layin ya sake rubuta cewa yanzu ne dai ya farka da gaske. Matarsa Deborah ta fita ɗaki ta dawo, ya tarye ta da murna kamar wanda ya shekara bai gan ta ba. Amma idan aka zaunar da shi gaban fiyano, hannuwansa ba su manta komai ba, don wannan ilimin a wani sashe yake da bairos ɗin bai kai ba.

Kafin a sami magani, kusan bakwai cikin goma na masu wannan ciwo mutuwa suke yi. Maganin asaikulobiya, wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion, ya sauko da adadin zuwa kusan biyu cikin goma bayan gwaje-gwajen da aka yi a Suwidin da Amurka a 1984 da 1986. Ta jijiya ake ba da shi, mako biyu zuwa uku, kuma kowace rana ta jinkiri tana cin wani yanki na ƙwaƙwalwa. A ƙasashenmu, wanda aka kawo da zazzaɓi da ruɗewa an fi zaton zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, wanda galibi bakteriya ce ke kawo shi. Zaton yana kan hanya, don su suka fi yawa. Amma idan an ba da maganinsu mara lafiya bai motsa ba, ko an ɗebi ruwan bayansa an ga alamun bairos, ya kamata hafis ya faɗo a ran likita da wuri.

To ina hafis yake zama a jikin sauran biliyoyin da ba ya yi wa komai? Yana kwance a wani ƙullin jijiya da ke gindin ƙoƙon kai, wanda ke kawo ji daga fuska. Masu bincike a Jami'ar Pittsburgh sun ga ƙwayoyin T sun yi wa jijiyoyin da yake ciki zobe, sun manne musu. Irin ƙwayoyin nan ne da a ko'ina aikinsu kisa ne. A nan kuwa suna zuba wa jijiyar sinadaransu daidai gwargwado, abin da zai lalata furotin ɗin da bairos ke buƙata don ya farka, ba tare da jijiyar ta mutu ba. Haka za su yi ta tsaro har ƙarshen rayuwar mutum. Ranar da gajiya ko zazzaɓi ya ɗauke musu hankali, ƙurji ya fito a leɓe. Bairos ɗin ƙarambau ma haka yake yi: yaro ya warke, shi kuma ya laɓe a jijiyoyin gefen laka, sai bayan shekara hamsin ko sittin, da garkuwa ta fara rauni, ya fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. Diane Griffin ta Johns Hopkins ta nuna a 1991 cewa antibodi ma yana iya tsayar da hayayyafar bairos a cikin ƙwayar jijiya ba tare da an kashe ta ba. Sai dai akwai farashi: ɓurɓushin bairos ɗin yana saura a ciki, dole a ci gaba da gadinsa.

Idan masu gadi suka tashi

Fiye da rabin manya a duniya suna ɗauke da wani bairos da ake kira JC, wanda aka ware a 1971 a jihar Wiskonsin ta Amurka. Yana zaune a ƙoda, ba ya damun kowa. Da cutar ƙanjamau ta ɓulla, sai likitoci suka fara ganin wani ciwon ƙwaƙwalwa da a da sai a daɗe ba a gan shi ba, yana kama kusan mutum ɗaya cikin ashirin na masu cutar kafin zuwan magungunan zamani. JC ne ya sami sarari ya hau yana cinye rufin da ke lulluɓe da zaren jijiyoyi. Hannu ya mutu, magana ta karye, gani ya tafi, cikin 'yan watanni a rasa mutum.

A ƙarshen 2004 aka amince da wani sabon magani a Amurka, natalizumab, don masu wani ciwo da garkuwar jiki ke far wa ƙwaƙwalwa. Aikinsa ɗaya ne: ya hana fararen ƙwayoyin jini ƙetare shingen nan. Ya yi aiki sosai. Amma a watan Fabrairu na 2005 aka janye shi daga kasuwa, don an sami masu karɓarsa da ciwon JC, alhali garkuwarsu a sauran jiki lafiya lau take. Sintirin da ake yi cikin ƙwaƙwalwa kaɗai aka tsayar, kuma hakan ya isa. An dawo da maganin a 2006 bisa sharaɗin sa ido.

Ciwon JC ba shi da maganin da ke kashe bairos ɗin kai tsaye. Abin da ake yi shi ne a dawo da garkuwar, a fara wa mai ƙanjamau magungunansa, ko a tsayar da abin da ke danne ta. A nan kuma wata matsalar take jira. Sojojin da suka dawo suka tarar da ƙwaƙwalwa cike da abokin gaba sukan afka da ƙarfin da ya wuce kima, mara lafiya ya ƙara rikicewa daidai lokacin da gwajin jininsa ke nuna sauƙi. Sai likita ya koma yana ba da maganin rage kumburi don ya sassauta garkuwar da shi da kansa ya yi wahalar tayarwa.

Shi ya sa maganar “ƙara ƙarfin garkuwar jiki” da ta cika tallace-tallacen magunguna a rediyo da tashoshin mota take damuna. Tana sa mutane su ɗauka garkuwa abu ne da yawansa kullum alheri ne. A ƙwaƙwalwa ba haka abin yake ba. Abin da ke raba mai rai da mamaci shi ne lokacin da amsar ta zo, da wurin da ta sauka, da ko ta san inda za ta tsaya. Ko kurumtar da ke samun kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga zazzaɓin Lasa, masu bincike da dama suna ɗora alhakinta a kan martanin garkuwa, don sau da yawa tana zuwa ne lokacin da mutum ya fara murmurewa.

Ƙyanda ita kaɗai ta isa ta koyar da wannan darasi, don hanya uku take bi ta taɓa ƙwaƙwalwa. A kusan yaro ɗaya cikin dubu, 'yan kwanaki bayan ƙurajen sun fito, sai zazzaɓi ya dawo da jijjiga da suma. Idan aka duba ƙwaƙwalwar galibi ba a samun bairos ɗin a ciki. Garkuwar ce ta ruɗe ta far wa rufin jijiyoyi. A yaron da garkuwarsa ta karye kuwa, bairos ɗin da kansa ke shiga, ya kashe cikin watanni. Ta ukun ta fi ban tausayi. Yaro ya yi ƙyanda yana jariri, ya warke sarai, ya girma ya shiga makaranta. Bayan shekara 7 zuwa 10 sai karatunsa ya fara ja da baya, halinsa ya canza, jikinsa ya riƙa zabura yana faɗuwa, a hankali ya daina magana, ya daina gane kowa. Ruwan bayansa cike yake da antibodin ƙyanda, fiye da na kowa, amma ba su da amfani, don bairos ɗin ya sauya hali: ya daina fitowa fili, yana ratsawa daga jijiya zuwa jijiya ta inda suka haɗu. Wani bincike a Kalifoniya ya sami wannan ciwo a kusan ɗaya cikin 600 na yaran da suka yi ƙyanda kafin su cika shekara. Ba shi da magani. Allurar wata 9 da ta wata 15 ita ce ke hana shi, tare da rigakafin sauran yaran unguwa, wanda ke kare jariran da ba su isa allura ba.

Hafis ma yana da irin wannan wutsiya. Josep Dalmau ya bayyana a 2007 wani ciwo da jiki ke ƙera antibodi a kan wata mahaɗar saƙo ta ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA. A 2018 shi da abokan aikinsa a Basalona suka ba da rahoton cewa kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka yi ciwon hafis na ƙwaƙwalwa sun faɗa irin wannan hali cikin wata uku. An kashe bairos ɗin, amma tarkacen jijiyoyin da ya farfasa ya isa kaluluwa, garkuwa ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba. Ƙananan yara sukan kama murɗe-murɗen hannu da ƙafa, manya kuma sambatu da gane-gane da rashin barci. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da za a fara kawowa a rai idan budurwa ta wayi gari tana haka: iska, ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma ina roƙon iyaye su haɗa biyun, domin wannan ciwo ne da ake warkewa daga gare shi idan aka danne garkuwar da wuri.

Wanda ya shiga ba a ji shi ba

Ciwon haukan kare yana can ɗaya ƙarshen. Yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mai ciwon yana fizge-fizge, maƙogwaronsa yana shaƙewa da zarar ya ga ruwa, amma idan aka buɗe ƙwaƙwalwarsa bayan ya rasu, abin mamaki shi ne ƙarancin ɓarnar da ido zai gani. Kumburi kaɗan ne, yawancin jijiyoyin suna nan ba su mutu ba, aikinsu ne ya rikice.

Wannan bairos ba ya bin jini, inda za a gan shi. Daga naman da kare ya ciza yake shiga bakin jijiya, ya bi cikinta a hankali zuwa laka, daga nan zuwa kai. Yana da furotin da ke toshe kiran intaferon, kuma yana kiyaye jijiyar da yake ciki da rai, don ita ce hanyarsa. Craig Hooper da abokansa a Filadelfiya sun gwada nau'i mai kisa da nau'in da aka raunana a jikin ɓeraye, suka ba da rahoto a 2007. A duka biyun garkuwa ta tashi a jini. Bambancin shi ne a nau'in mai rauni shingen ƙwaƙwalwa ya ɗan buɗe mayaƙa suka shiga suka share shi, a mai kisan kuwa shingen ya kasance a rufe har dabbar ta mutu.

A 2004 wata yarinya 'yar shekara 15 a Wiskonsin, Jeanna Giese, wadda jemage ya ciza, ta rayu bayan alamun ciwon sun bayyana, ba tare da ta taɓa yin rigakafi ba. Likitoci a Milwoki sun sa ta dogon barci da magunguna don su ba jikinta lokaci. An sake gwada wannan hanya a wurare da yawa, kusan duk ba a dace ba. Abin da aka lura da shi a kanta shi ne tun ranar da aka kwantar da ita akwai antibodin cutar a jininta da ruwan bayanta. Garkuwarta ta riga ta isa wurin.

Tafiyar hawainiyar da bairos ɗin ke yi, wadda galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku, ita ce damar da Louis Pasteur ya yi amfani da ita ranar 6 ga Yuli, 1885, lokacin da ya fara yi wa Joseph Meister, yaro ɗan shekara 9, allura bayan kare ya cije shi. Ana tayar da garkuwa a waje, ta tare bairos ɗin kafin ya kai inda ba za ta iya binsa ba. Alluran farko daga laka da ƙwaƙwalwar dabbobi ake yin su, kuma wasu daga cikin waɗanda aka yi wa sun riƙa shanyewa. Thomas Rivers a Cibiyar Rockefeller ya nuna dalili a 1933, da ya riƙa yi wa birai allurar ƙwaƙwalwar zomo lafiyayye, wadda babu bairos a cikinta, suka kamu da irin wannan shanyewar: an koya wa garkuwarsu ƙin naman ƙwaƙwalwa ne. Alluran zamani ba daga ƙwaƙwalwa ake yin su ba, kuma ba su da wannan haɗari.

Wanda kare ya ciza, ko ya yakushe shi har fata ta fashe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, nan take, kafin komai. Kada a ɗaure ciwon da tsumma, kada a cusa masa barkono ko toka ko gashin karen. A tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, a fara allura. A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018 ana iya yin ta a cikin fata a ranar farko, da bayan kwana uku, da bayan kwana bakwai. Idan cizon ya huda fata, ana kuma zuba antibodi da aka riga aka tanada a cikin ciwon da kewayensa, don ya riƙe bairos ɗin na kwanakin da jiki zai ɗauka kafin ya ƙera nasa. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi gaggawa, saboda jijiyoyi sun yi yawa a wuraren, kuma daga fuska zuwa ƙwaƙwalwa tafiyar gajeriya ce. Yara su ne aka fi ciza a fuska, su ne kuma suka fi ɓoye cizon don tsoron faɗa, saboda haka idan an ji labarin kare ya yi hauka a unguwa, a tuɓe musu riga a duba jikinsu.